Abin da Aka Samu a Cikin Lagireto

Zuwa ga Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da ma ko kana raye ba karantawa za ka yi ba, cusa ta za ka yi a aljihun mota ka ce sai ka dawo daga kasuwa. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma kai ne mai ita.

Gida lafiya. Ummi ta shiga aji uku, ta daina tambaya yaushe za ka dawo. Ƙafar Inna tana nan yadda ka bar ta. Ni kuma na fita takaba sati uku da suka wuce. Gwaggo ma, tsohuwar motarka da kake kai kaya ƙauyuka da ita, tana nan garau. Ka ji abin haushi? Babbar motar da ta kwashe ka ko fitilar Gwaggo ba ta fasa ba. Gwaggo ta yi zafi a kan kwanar hanya, ka tsaya, ka zagaya ɗauko mata jarkar ruwa, shi ke nan. Kai aka kawo a nannaɗe cikin tabarma, ita aka jawo ta da igiya har ƙofar gidanmu a Fagge, ko ƙwarzane babu.

Ba don wannan na ɗauki biro ba. Saboda Oga Emeka ne, makanikenka na Sabon Gari, mutumin da kuka yi shekara ashirin kuna cin abinci kwano ɗaya. Ka tuna kwana uku kafin tafiyarka ya sauya maka bel ɗin fanka? To, Yaya Sule ya riƙe wannan. Ya ce aikin banzan Emeka ne ya sa motar ta tafasa, shi ne ya tsayar da kai a bakin ajali. Ranar sadakar uku Emeka ya zo ta'aziyya da matarsa, yayanka ya tare su a ƙofa ya kore su kamar waɗanda suka zo sata. Bai tsaya nan ba, ya bi Kantin Kwari rumfa-rumfa yana faɗa. Direbobin da ke kai wa Emeka mota suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ni ina ɗaki ina jan carbi, ina jin komai, ban wanke Emeka ba.

Abu ɗaya Emeka ya roƙa: a bar shi ya buɗe motar a gaban dangi. Da na fita takaba na ce a ja ta a kai masa. Na sa hijabina na bi su. Aka ba ni benci a inuwa, Yaya Sule ya tsaya a kansa ya harɗe hannu.

Ban taɓa ganin mutum yana aiki da irin wannan natsuwar ba, alhali sunansa ake yankawa. Ya fara da bel ɗin da ake zarginsa a kai, ya danna shi da yatsa, ya sa Yaya Sule ma ya danna. Daram yake. Ya matsa tiyo na sama da na ƙasa, babu tsagewa. Ya duba murfin lagireto, ya juya fanka, ya girgiza famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji. Ya zaro ƙarfen awon mai ya nuna mana, ya ce da ruwa ya haɗu da mai da ya koma kamar koko. Baƙi ne wuluk. Duk abin da ya taɓa ya same shi lafiya ya wuce gaba, ni kuwa na san inda hannunsa zai ƙare.

Ya cika ruwa, ya sa wani batir, ya tayar da ita. Gwaggo ta yi tarinta da ka sani ta kama. Muna kallo allurar zafi ta rinƙa hawa har ta kusa jan layi. Ya kashe, ya shafa jikin lagireton a hankali. Sama ba ya taɓuwa don zafi, tsakiya kuwa sanyi ƙalau. Ya ce ruwa ba ya wucewa, wani abu ya toshe hanya. Suka kwance shi, mai gyaran lagireto na maƙwabta ya buɗe kansa.

Baban Ummi, kai ka san abin da ke ciki. Ni ma na sani. Wani dunƙulallen abu ya cike ƙananan hanyoyin ruwan kaf, kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya. Ƙwai ne da garin kwaki. Daga madafata suka fito.

Ka tuna safiyar da ka ga ɗigon ruwa a ƙarƙashinta? Emeka ya ce ka bar masa ita kwana biyu a liƙe wurin. Ka ce ana sauran wata biyu Sallah, wa zai ajiye mota alhali ƙauye na jiran atamfa da shadda? Wani direba a tasha ya gaya maka a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, zai dahu ya toshe ramin. Ya toshe kuwa, na kwana huɗu. Daga nan kullum za ka fita sai ka leƙo ka ce in ba Gwaggo karin kumallonta, mu yi dariya. Da ƙwai ya daina riƙewa, wa ya ce a gwada garin kwaki tunda yana kumbura? Ni ce. Ni na auno shi a ludayi na miƙa maka, har ina jin daɗi na yi dabara. Ka ce kada in bari Emeka ya ji, zai yi maka wa'azi.

Me ya sa ka fi jin kunyar faɗan abokinka fiye da tsoron hanya? Ranar da ya sauya bel ɗin ya nemi ya leƙa ruwan, ka ce sauri kake, allura ba ta motsi. Ƙarya ka yi masa. Ni na ga jarkokinka sun tashi daga ɗaya sun koma huɗu. Kwana biyu kacal aka nema a wurinka. Ka hana, ga shi ka ba da sauran kwanakinka gaba ɗaya, ka haɗa da nawa da na Ummi.

Ka san abin da mutumin da muka ɓoye wa ya yi? Ya lakato abin da yatsa, ya shinshina, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Sai ya ja tsumma ya rufe, ya gaya wa Yaya Sule wai dattin tsufa ne da tsatsa, kowace tsohuwar mota tana yi. Yayanka ya ce ai makaniken kirki da ya gano tun tuni. Emeka ya sunkuyar da kai ya karɓa. Fiye da wata huɗu ana jan sunansa a ƙasa, hujjarsa tana hannunsa, ya rufe ta don kada a ce abokinsa ya mutu a kan wauta, kada kuma a nuna matarsa da yatsa.

Ban iya ba. Na tashi na yaye tsumman, na faɗi komai a gaban yayanka da duk wanda ke garejin: ƙwan, garin, ludayin, da hannun da ya auna. Na tona maka asiri, na tona nawa. Yaya Sule bai ba kowa haƙuri ba, ya kaɗa rigarsa ya tafi, har yau ba ya amsa gaisuwata. Na ji an fara mayar wa Emeka motoci. Ya wanke lagireton, ya liƙe ramin, allura ta zauna a tsakiya. Kwana ɗaya da rabi aikin ya ci, ko biyun bai cika ba.

Ranar da za a fita da kai an tambaye ni, na ce na yafe maka, kuma ban janye ba. Ba na so a tsare ka a kan komai nawa. Amma haushinka yana nan, kuma ban san ranar da zai huce ba. Jiya Ummi ta ce in soya mata ƙwai. Na ɗauko, na tsaya da shi a hannu har mai ya ƙone, ƙarshe maƙwabciya ce ta fasa mata.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka. In ana neman gafara daga can, kai ma ka nema mini.

Matarka da ta miƙa maka ludayin,
Maman Ummi