Amalanken Harawar Baba

Laraba da dare, unguwar Setapak, a nan ƙasar waje.

Na dawo daga makaranta a gajiye, na yi tapau, wato na sayo ƙunshin shinkafa a kedai, shagon abinci, har yanzu ban buɗe ta ba.

Baba ya kira ni bayan isha'i. Tsohon amalankenmu na ɗibar harawa ya karye, ga wake an rore, damuna kuma ta bar dammunan harawa jibge a gona. Ya ce tunda injiniyan kayan noma nake karanta, in zana musu sabo ƙarami, wanda sa ɗaya zai ja, ƙanena Sani ya kai wa mai walda.

Na yi murna, na fara zuba: tayoyin mota, katako mai kauri, gefe mai tsawo don ya ci dami da yawa. Baba yana saurare.

Sai ya ce, "Habu, ka sauko da shi ƙasa-ƙasa. Hannun nan ba ya ɗaguwa sama kamar da."

Mutumin da na taso ina gani yana cilla dami kan rumfa da hannu ɗaya. Bai taɓa ce mana ya gaji ba. Na ce, "To Baba, in sha Allahu."

Ruwa ake yi a waje tun ɗazu. Na zana amalanken, tsayinsa daidai gwiwa. Na tura wa Sani, na ce duk ranar lodi ya riga Baba isa gona.