Ƙarafan Jinjiri

Litinin, 1 ga Satumba

Yau Manaja ta tara mu a ɗakin taro ta ce za a dawo da Jinjiri. Kowa ya tafa. Ni ma na tafa.

Shekara goma sha tara ke nan da muka daina yin wuƙar nan. Marigayi Maigida, mahaifinta, shi ya ƙirƙiro ta don masu lambu: mai naɗewa, ruwanta a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Da masu lambu suka koma almakashi sai kasuwarta ta mutu. Yanzu kuma wai akwai mutanen da ke tara tsofaffin wuƙaƙe suna jerawa a cikin gilashi, har ƙungiya gare su, kuma Jinjiri suke nema ido rufe. Ta nuna mana takardar roƙonsu, sa hannu sama da dubu biyu. A kan wuƙar da muke yanke igiyar kwali da ita a da.

Ta ce abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne za a yi ta da ainihin ƙarafan mahaifinta, waɗanda ake ɗora wa inji ya datso ruwan wuƙar da lanƙwasarsa. Sai ta juyo wajena, ni mai kula da sito, tana murmushi: "Kawu, suna nan a sito, ko?"

Na ce suna nan.

Ba sa nan.

Laraba, 3 ga Satumba

Bari in rubuta yadda aka yi, ko na ji sanyi a raina.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce rufin sito ya yi yoyo, ruwa ya kwanta kwana uku. Maigida ya ce in fitar da duk abin da ya yi tsatsa wanda ba a aiki da shi, in kira 'yan gwangwan su kwashe. Akwati mai lamba sha huɗu yana can ƙasa, ƙarafan sun yi jawur. Na san abin da ke ciki. Wannan ne ba zan iya ɓoye wa kaina ba. Na ce a raina, wa zai ƙara waiwayar Jinjiri? Na sa aka loda shi a mota tare da sauran tarkace.

Bayan wata biyar, lokacin ciwon da ya tafi da shi ya fara cin ƙarfinsa, Maigida ya leƙo sito yana dogara sanda. Ya ce in riƙa shafa wa ƙarafan Jinjiri mai, wata rana za a neme su. Na ce to, ranka ya daɗe. Yana fita na samo wani akwatin, na cika shi da tsofaffin ƙusoshi, na rubuta sha huɗu a jikinsa, na ɗora can saman kanta inda sai da tsani.

Alhamis, 4 ga Satumba

Wataƙila maganar ta shiririce. Sau nawa ake taro a masana'antar nan a tafa, a watse, shi ke nan.

Litinin, 8 ga Satumba

Ba ta shiririce ba. An sa sanarwa a shafin kamfani, har da hoton Maigida yana riƙe da wuƙar. Auta ce ta nuna mini a wayarta, tana ta murna wai Baba za ku yi suna. Na ce ta kawo mini ruwa.

Laraba, 10 ga Satumba

Shugaban masu tara wuƙaƙen ya zo. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya, ɗan siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ya farkar da wani. Na ɗauka zan ga mai kuɗin da ya rasa abin yi. Ba haka ba ne, kuma da haka ne da ya fi mini sauƙi.

Ya ce mahaifinsa mai dashen itatuwa ne, da Jinjiri ya yi aiki har ya rasu, wuƙar kuma ta ɓace a hidimar rasuwar. Shekara shida ya yi yana cigiya kafin ya samu wata sabuwa fil, wadda ba a taɓa yanka komai da ita ba. Ya fito da ita daga wani ƙyalle mai laushi, ya buɗe ta dab da kunnensa don ya ji ƙarar da take yi in ta kama. Dogo mai washi, da ba ya dariya sai shekara-shekara, har da shi a murmushi.

Da Manaja ta gabatar da ni, Likita ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce irinmu ne ke riƙe tarihi ba a san da mu ba. Na rasa inda zan sa idona.

An tsayar da rana. Alhamis ta sama, 18 ga wata, za a sauko da akwatin a buɗe a gabansa da mutanensa, da mai ɗaukar hoto.

Asabar, 13 ga Satumba

Na je wurin 'yan gwangwan. Hauka ne, na sani. Wanda ya saya ya rasu, ƙanensa ne a wurin yanzu. Na kwatanta masa ƙarafan, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shekara nawa na ce? Da na faɗa masa sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. Ya ce ƙarfen da ya kwana bakwai a wurinsu ma ya daɗe. Ya ce in duba ƙofar gidana ko tukunyar matata, wataƙila suna ciki.

Na dawo a ƙafa. Ban ma lura na wuce tashar mota ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Na sami Dogo a ɗakin washi lokacin hutun rana. Na yi ta kewaye-kewaye, wai a ce ƙarafan sun lalace da tsatsa, kwana nawa za a yi a ƙera wasu? Ya ce da wane zane? Maigida bai taɓa zana Jinjiri a takarda ba, da ido da magagari ya fitar da ita. Sai an sami wuƙar da ba ta taɓa ganin dutsen washi ba, a warware ta, a auna. Wata guda, in an yi sa'a.

Ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba: "Ina tsaye a bakin taga ranar da motar ta fita da su."

Shekara goma sha ɗaya. Muna gaisawa kullum, ya zo sunan 'ya'yana, na je jana'izar matarsa. Na ce me ya sa bai taɓa magana ba? Ya ce ba a tambaye shi ba, kuma shi ba mai sito ba ne. Ya ce amma ranar Alhamis in aka tambaye shi ba zai yi ƙarya ba, ya tsufa da wannan.

Talata, 16 ga Satumba

Na faɗa wa maman yara. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba sai da na kai ƙarshe. Ta ce dama ta san akwai abin da ke cina, mutum ba ya zuba gishiri a shayi don ƙwarewa.

Na ce ina tunanin in kwanta ciwo ranar Alhamis. Ta ce ciwon zai kai har yaushe? Na ce ko in ce ruwa ne ya lalata su aka zubar bisa umarnin marigayi, ai rabin gaskiya ne. Nan ne ta ajiye tiren. Ta ce in ɗora wa mamaci, wanda ya biya kuɗin asibitin haihuwar Auta, in kuma dawo in ci abinci a gidan nan? Ta ce yarinyar nan, Manaja, a kafaɗata ta girma, in je in same ta ita kaɗai kafin ta ji kunya a gaban baƙi.

Saura shekara biyu in yi ritaya. Wa zai ɗauki mai shekara hamsin da takwas da aka kora a kan rashin amana?

Laraba, 17 ga Satumba

Na faɗa.

Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishinta ina komawa. Na uku ita ta buɗe za ta fita, muka yi kiciɓis. Na ce ina da magana. Ta ce in zauna, na ƙi. Na faɗa a tsaye, ina kallon kalandar da ke bayanta.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta zauna, ta cire tabarau, ta daɗe tana murza idonta. Sai ta ce: "Baba ya sani?"

Ga ƙofar tsira a buɗe. Da na ce e, babu mai ƙaryata ni. Na ce bai sani ba. Na ce ya taɓa ce mini in riƙa shafa musu mai, na ce masa to.

Ta ce: "Sati biyu da suka wuce ma ka ce mini suna nan. A gaban kowa."

Na ce haka ne.

Ta miƙo hannu, na ɗauka sallama ce, ashe makullan sito take nufi. Shekara ashirin da shida suna ɗaure a ƙuguna. Zoben ya ƙi fita, na yi ta fama da shi a gabanta kamar yaro, tana jira.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ba a yi taron ba. Ina gida. An ce in jira a kira ni.

Litinin, 22 ga Satumba

Ta rubuta wa masu tara wuƙaƙen gaskiya, ta ce ƙarafan sun salwanta tun da daɗewa. Ba ta ambaci sunana ba. Auta ta karanto mini abin da mutane ke rubutawa a ƙasa har sai da uwarta ta ƙwace wayar. Wasu sun ce dama yaudara ce, don a ja hankali. Wani ya ce 'yar ta zubar da mutuncin ubanta. Ita ake zagi, ni ina kwance a falo ina kallon fanka.

Dogo ya biyo da yamma. Ya ce kusan mutum ɗari bakwai sun janye sunansu. Ya sha ruwa ya tafi.

Talata, 30 ga Satumba

An kira ni. Ba kora ba ce, ko kuma ba yanzu ba. Sito an ba wani. Ni an mayar da ni ɗakin washi, ƙarƙashin Dogo, in riƙa share garin ƙarfe da jera kaya. Sakatariya ce ta faɗa mini, Manaja ba ta fito ba.

Na ce wa maman yara wata ɗaya zan yi in ajiye aikin da kaina, in huta da kallon mutane. Ta ce to.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Likita ya dawo. Na gan shi ta taga na nemi lungu, amma ɗakin washi ba shi da lungu.

Ya kawo wuƙarsa don a warware ta a auna. Ita ce kaɗai sabuwar da aka sani, kuma in aka warware ta sai an fasa ƙusoshinta, ba za ta koma yadda take ba har abada. Ya ce kwana goma sha biyu ya yi yana shawara, matarsa har ta ce ko dai ya kai ko ya daina yawo a ɗaki. Ya ɗora ta a kan teburin Dogo, ya kasa ɗauke hannunsa daga kanta. Da Dogo ya ɗauko guduma da ɗan ƙarfen fitar da ƙusa, Likita ya ce shi da ya cire haƙoran mutane shekara talatin ba zai iya kallon wannan ba. Ya fita waje.

Na bi shi. Ban shirya ba. Na ce ni ne na sayar da ƙarafan. Ya ce ya yi zato, tun da ya ga ba ni a sito. Bai ce ya yafe ba, bai riƙe mini hannu ba. Ya tambaye ni ko akwai inda ake samun shayi a kusa. Na nuna masa.

Talata, 28 ga Oktoba

Garin ƙarfe har cikin hanci. Bayana ciwo. Manaja ta wuce ni a baranda, na gaishe ta, ta amsa, ba ta ce Kawu ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Yau aka datso ruwan gwaji na farko da sababbin ƙarafan. Manaja ta sauko, Likita ya zo da mutum uku. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kowa na cewa ita ce, ita ce sak. Manaja har idonta ya kawo ruwa. Ta ce gobe a fara.

Ina gefe da tsintsiya. Dogo ya miƙo mini in ajiye a tire. Ina karɓa babban yatsana ya bi bayan ruwan da kansa. A shekarun ƙarshe na Jinjiri ni nake shafa wa kowace mai in naɗe ta a takarda kafin ta fita, dubbai sun bi ta hannun nan. Yatsan ya isa tsini da wuri.

Na ce: "Ba ita ba ce."

Ni kaina sai da na ji maganar a kunnena sannan na san na yi ta. Manaja ta dube ni, karo na farko tun ranar makullai. Ta ce na tabbata? Na ce na tabbata, lanƙwasar ta gaza a wajen tsini.

Dogo ya ɗauko ruwan wuƙar Likita ya ɗora su ɗaya kan ɗaya a ƙarƙashin fitila. Ta gaza, kamar kaurin farce. Ya yi tsaki, ya zagi kansa. Sati uku ke nan an ƙara, da sabon ƙarfe, ga sanarwar da aka riga aka yi. Manaja ta fita ranta a ɓace. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce wa Dogo na gaba a fara nuna wa wancan kafin a kira ta. Wancan ɗin ni ne.

A hanyar gida na tsaya na sayi takalmin aiki, irin mai ƙarfe a gaba da ake sawa a ɗakin washi. Maman yara ta juya shi a hannu, ta ce ai ta ɗauka wata ɗaya na ce, ga shi har ya wuce. Na ce tsohon ne ya yage.

Bai yage sosai ba.