Kififiyar Marigayiya Ta Hana Ni Fita Zuru

Zuwa ga Malama Farida,

'Yata, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ni tsohon malamin firamare ne a nan Zuru, shekaruna saba'in da tara. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Ina da kififiya, wato kunkurun ruwan nan mai laushin baya. Matata Dinah ce ta karɓo ta a hannun wani masunci a Yawuri a 1998, lokacin ba ta wuce tafin hannu ba. Ta ce idon abin ne ya ba ta tausayi. Dinah ta rasu shekara uku da suka wuce, kififiya kuwa ta kai faɗin babban faranti. Mu biyu muka rage a gidan. Da safe ina karanta mata labarai daga jaridarku, ita kuma ta fito da dogon hancinta tana kallona.

Da ta fi ƙarfin baho, sai na kira Ɗanjuma magini ya yi mata kwami na siminti a cikin ɗakina. A tsakar gida ba zai yiwu ba, domin maƙwabcina Ezekiel ya sha faɗa mini cikin raha cewa farfesunta zai ishi mutum shida, kuma ban yarda duka raha ce ba. To, Ɗanjuma gwanin ginin rumbu ne, a wurinsa rami a gindin gini abin kunya ne. Ya gina kwamin har ƙuguna, ya shafe shi tsaf, bai bar wa ruwa mafita ko ɗaya ba. Ni ma da na koyar da lissafi shekara talatin da biyar ina tsaye a kansa, ban lura ba. Ya kuma matsa shi jikin ƙofa, yanzu rabi take buɗuwa, a karkace nake shiga ɗakina.

Duk kwana uku ruwan yake wari. Da ƙwarya nake kwashe shi zuwa bokiti, in ja bokitin waje, sau ashirin da wani abu. A watan jiya santsi ya kwashe ni. Na daɗe a ƙasa tsakanin gado da kwamin, ina jin mutane suna wucewa coci, na kasa ɗaga murya. Ban gaya wa kowa ba, ke ce ta farko.

'Yata Margaret, ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, kullum ta bugo waya maganarta ɗaya: in tattara in koma wurinta. A bene take zaune, ta ce ba wurin dabba. Ko bikin sunan jikana ban je ba, don ba wanda zai yarda ya yi wannan kwasar ruwa in ba na nan. Ɗana Haggai kuma, soja ne a Legas, ya aiko mini da wata takarda mai hotuna: akwatin gilashi, injin tace ruwa, na'urar ɗumama ruwa, fitila ta musamman. Ya ce in zaɓa. Na yi mako biyu ina juya takardar. Unguwarmu sai a yi kwana huɗu ba wuta. Ga shi ƙirjin kififiyar ya soma yin jan ciwo, abinci ma ta rage ci.

Wanne zan zaɓa a cikin kayan nan? In ta mutu a hannuna ban san da idon da zan dubi kabarin Dinah ba. In kuma Margaret ta ji na faɗi, ranar za ta zo da mota.

Tsohon Malami, Zuru.

AMSA

Baba, sannu da jiki, kuma ba abin dariya a wasiƙarka.

Ka ajiye takardar Haggai, ka gode masa. Akwatin gilashin da zai ɗauki dabba mai wannan girma, da wuya ya iso Zuru lafiya a kan hanyar nan, in ya iso ma kwasar ruwa tana nan. Injin tacewa da na'urar ɗumi kuwa, gidan da ke kwana huɗu ba wuta ba su da amfani a cikinsa. Kwaminka ya fi su, gyara kawai yake so.

Ka sa mai gyaran famfo ya huda shi daidai gindi, ya zura bututu ta bango zuwa waje, ya sa masa kan famfo, da 'yar raga a bakin ramin daga ciki. A ɗora duro a kan dakali a bayan taga, a jawo tiyo zuwa kwamin, ɗan garuwa ya riƙa cika duron. Ka murɗa nan ruwa ya fita, ka murɗa can ya shigo. Hannunka ya rabu da bokiti ke nan. Tunda za a taɓa ginin, a juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje. Mutumin da ya taɓa faɗuwa bai kamata ya kwana a bayan ƙofar da ba a iya shigowa da sauri ba.

Ciwon ƙirjinta, ina zaton simintin ne yake goge ta, don irinsu a cikin yashi suke binne jiki. A wanke yashin rafi mai laushi a shimfiɗa mata kamar tsawon yatsa. A jingina faffaɗan katako inda rana ke faɗowa ta taga, a buɗe tagar, don ta hau ta sha hantsi. Amma zato nake daga nesa, ka sa likitan dabbobi ya zo ya gan ta cikin makon nan. Ka riƙa wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ruwan.

Saura Margaret. Kana da gaskiya da ka ƙi rabuwa da abin da ya rage maka na Mama Dinah. Ita ma tana da gaskiya, kuma faɗuwar nan ta tabbatar da tsoronta. Ka kira ta da kanka ka gaya mata, ka haɗa da bayanin gyaran da za a yi, tun kafin ta ji a bakin wani. Wataƙila ta yi faɗa, ka saurare ta. Idan aikin ya koma murɗa famfo da jefa kifi, ba za ka rasa amintacce a cocinku da zai riƙe maka makulli mako biyu ba. Ka je Kaduna ka ɗauki jikanka, ka dawo gidanka. Zancen komawa gaba ɗaya, ku yi shi kuna zaune kuna kallon juna.

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ya kai ka Kaduna lafiya ya dawo da kai lafiya.

Farida