Kazar Turke

Litinin, 3 ga Maris
Bakaniken da muka ba hayar ɗakin baya ya kwashe kayansa tun Juma'a, ya bar kaji uku. Ban sani ba sai yau da wari ya ishe ni na zagaya. Biyu a akurki, kaskon ruwansu ya bushe ƙamas. Ta ukun an ɗaure mata ƙafa da tsumma a jikin turke. Mutum ya tuna da tsohuwar taya amma ya manta da mai rai!

Rabona da bayan gidan nan na manta. Daga can ba a jin ƙarar cokalin maigidana Malam, shi ya sa.

Talata, 4 ga Maris
Na yanke tsumman da almakashi. Ya ci naman ƙafar har ya nutse ciki. Na wanke da ruwan ɗumi da gishiri, tana sara na, ina ba ta haƙuri. Duk jikinsu ƙuma, na zuba musu toka su yi birgima. Biyun akurkin sun cinye tsaki tas sun goge baki, ko kallona ba su yi ba. Halin kaza ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris
Biyun sun bazu a tsakar gida, har ɗaya ta shigar min kicin. Ta turken kuwa tana nan inda take. Ƙasar wurin ta zama fili zagaye, iya tsawon tsumman, ba ciyawa ko ɗaya. Takan zo har baki, ta ɗaga ƙafa, ta mayar. Na ce mata, "Ke, an kwance ki fa." Ta karkata kai ta kalle ni da ido ɗaya.

Yau da ita kaɗai na yi magana.

Lahadi, 9 ga Maris
Auta ta zo da cefane kamar kowace Lahadi. Ta ce, "Mama, wannan ai wahala ce. A yanka ta a huta, sabo da kaza ba ya hana yanka." Na ce ba a gidana ba. Ta yi dariya, wai na samu sabon majinyaci. Na san wasa take, amma ya sosa min rai.

Shekara bakwai Malam yana kwance, rabin jiki ya mutu, baki ba ya furtawa. In yana bukatata sai ya buga cokali a jikin kofi. Wata biyar ke nan da rasuwarsa. Kofin na nan a kan tebur, ban ɗauke ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na tumɓuke turken na jefar. A banza. Ta ci gaba da zagaya ramin.

Asabar, 15 ga Maris
Na yi dabara: kullum in matsar da kaskon taƙi ɗaya waje. Jiya ta miƙa wuya ta sha. Yau ya fi ƙarfin wuyanta, sai ta tsaya tana kallon ruwa, baki buɗe, rana na dukan ta. Na ce zan daure har la'asar. Ban kai azahar ba na mayar mata. Wannan kaza ta gwammace ƙishirwa ta kashe ta.

Laraba, 19 ga Maris
Ƙafar ta kumbura, tana fitar da ruwa. Ta daina ci. Na kira Auta ta sayo magani, ta ce aiki ya riƙe ta sai Lahadi. Na ce kazar ba za ta kai Lahadi ba. Sai ta ce, "To Mama, ki je da kanki mana. Wa zai neme ki a gidan?"

Na kashe wayar. Ban taɓa kashe mata waya ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Na je. Shagon mai maganin dabbobi yana bayan tasha, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. An yi sababbin shaguna a layinmu, ban san da su ba. Mai ɗinkin bakin titi ta taso da gudu, "Lale, Yaya! Ashe kina nan?" Ta ce in zauna in sha ruwa, na ce ina sauri, na bar mutum a gida. Haka bakina ya faɗa.

Mai maganin yana ta bayani, cokali kaza a ruwa kaza, ni hankalina na gida. Na dawo kusan da gudu, gumi sharkaf, na tsaya a ƙofar ɗaki ina kasa kunne. Shiru. Kofin yana inda yake.

Na zauna a dandamali na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Daga baya na tuna da kaza na tashi.

Lahadi, 23 ga Maris
Tana haɗiye maganin in na ɗura mata da cokali. Cokalin Malam na ɗauka, shi ne ƙarami. Auta ta gani, ta riƙe min fukafukan.

Alhamis, 27 ga Maris
Kumburi ya sace. Ta ci dusa da kyau. Har yanzu dai tana cikin filinta, amma ciyawa ta fara tsirowa a bakinsa, tana tsattsaga. Na daina matsar da kasko. Ta yi yadda take so, na gaji da yi mata wa'azi.

Na koma shagon sayo tsaki. Na sha ruwan mai ɗinki a tsaye.

Talata, 1 ga Afrilu
Na same ta a ƙofar kicin! Tana tsakiyar 'yan uwanta tana tonon ƙasa, da ɗan ɗingishinta, kamar nan aka ƙyanƙyashe ta. Na ajiye jaka na tsaya ina kallo kamar wawuya.

Wata guda ina gadin kazar nan don in ga takun farko. Auta ta tambaye ni a waya yadda aka yi ta tsallake, na ce ban sani ba. Ta ce, "Kina ina?"

Zani kawai na kai a kama min baki. Mai ɗinkin ce da surutu, ta kawo kujera, ga ƙanwarta ta zo, hira ta yi daɗi. Awa uku, wai. Ni dai ban duba agogo ba.