Hoton Huhun Anacleto

Potosí

Zuwa ga Yaya Remedios,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya zafin Santa Cruz? Mu nan sanyi sai abin da ya ƙaru.

Yaya, ban san ta inda zan fara ba. Shekaranjiya aka kawo mini hotunan ƙirjin masu haƙar ma'adinai, ina ɗaga su gaban haske ɗaya bayan ɗaya. Na ga wani huhu da ƙurar dutse ta cinye, irin na Baba kafin ya rasu. Sai da na gama dubawa na karanta sunan. Na Yaya Anacleto ne. Ashe ya daɗe yana tari, ya lallaɓa asibiti ranar da ya san ba na aiki.

Na same shi a bakin rami yana taunar ganyen koka, wanda masu haƙa ke tauna don rage gajiya. Na ce ya bar aikin nan ya sauko daga tsaunukan nan zuwa wajenku, inda numfashi ya fi sauƙi. Dariya ya yi, wai yarinyar da ya goya ce yau za ta koya masa numfashi. Abokansa suka taya shi. Shekara da shekaru ina faɗa wa mazan mutane wannan magana muryata ba ta rawa, amma ranar sai na juya na koma asibiti.

Ki sa shi a addu'a.

Ƙanwarki,
Nélida

Yaya Remedios,

Ina gaishe ku duka, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi.

Kin san Yaya Anacleto ke jan rawa ranar bikin masu haƙa, tun daga kan dutse har cikin gari. Bana bai kai rabin hanya ba. Ya zauna a dakalin wani shago, leɓɓansa sun yi baƙi, makaɗa suka ratse shi suka wuce.

Washegari ya zo wajena da ƙafarsa, ya bi layi kamar kowa. Ya tambaya ko zai warke in ya sauka. Na ce a'a, abin da dutse ya ci ba ya dawowa, amma zai ji sauƙi, wataƙila har ya ga auren 'yarsa. Daga nan ya ce zai sauka.

Ranar Asabar za su taso, shi da matarsa Fermina. Ki ba su ɗakin ƙasa, kuma kada a hura itace kusa da shi. Ya ba ni saƙo, ga shi yadda ya faɗa: "Ki ce wa Remedios kada ta yi mini kuka a tasha. Ba ni da numfashin rarrashinta."

Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Nélida