Dutsen Inna a Cikin Rariya

Litinin, 8 ga Yuli

Hadari ya taso daga gabas, ya yi ta cika baki, ya watse. Ko ɗigo. Duk da haka na hau sama na share indararo, na liƙe tsagar da ke kan ɗakin Inna da laka. Tun rasuwarta a nan nake kwana, kuma shi kaɗai ya rage a tsaye. Sauran biyun damina ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. In wannan ya faɗi, sai dai in naɗe fatuna da kayan dukancina in koma wurin ɗana a Aderbissinat, in zauna ina kallon kamiyo, manyan motocin kaya, suna wucewa. Allah ya kiyaye.

Daga sama na hango gidan marigayi Malam Zakari. Ɗansa Issouf ya dawo daga Abijan da matarsa Kadidia, sun buɗe gidan. Buhunan siman na gini jibge a zaure. Na me?

Laraba, 10 ga Yuli

Issouf ya hau soro bai yi gyaran murya ba, balle ya ce mata su kintsa. Ina tsakar gida ba kallabi! A unguwar nan aka yanke masa cibiya, ya san yadda ake yi. Ya ce, "Yi haƙuri Yaya Ramata, mantuwa ce." To, mantuwar ce ta sa ya daɗe yana ƙare wa rufin ɗakin Inna kallo?

Asabar, 13 ga Yuli

Sun shafe tsakar gidansu kaf da siman. Sumul, ko ƙwayar rairayi babu.

Abin ya hana ni sukuni. Gidansu ya fi nawa tudu. Tun kakanni ruwansu ta rariyar da ke gindin bangon da ya raba mu yake biyowa, ya ratsa tsakar gidana ya fita lungu. Ba a hana maƙwabci hanyar ruwa, wannan kowa ya sani. Amma da rairayi ke shanye rabi. Yanzu fa? Duk abin da sama ta zubo musu, nawa ne. Kuma rabin bangon nan shi ne bayan ɗakin Inna.

Laraba, 17 ga Yuli

Gangunan bikin Biyanu tun safe. Ban fita ba, ciwon ƙafa.

Kadidia ta shigo da soyayyar ayaba a kwano, wai aloko. Tanti take ce mini. Tanti! Ni ba 'yar'uwar uwarta ba, ba ta ubanta ba. Ta zauna ta yi ta ba ni labarin Abijan: wai a can sai a wuni a kwana ana ruwa, mata su sa leda a ka su ci kasuwarsu, masu gasa masara su ja murhu ƙarƙashin rumfa, kowa ya tsaya ya ci da zafinta. Wai kewar ƙarar ruwa a kan kwano take yi. Na ce mu a nan roƙonsa muke yi, in ya zo kuma mu kwana da ido ɗaya.

Tana magana idonta na kan rariya. Har ta tashi ta tsuguna ta leƙa, ta ce, "Tanti, ba ta yi ƙanƙanta ba kuwa?"

Ayabar da daɗi, gaskiya. Ban cinye ba dai.

Juma'a, 19 ga Yuli

Ƙawata Biba mai cuku ta zo. Ta ji a kasuwa wai Issouf masaukin baƙi zai buɗe, kuma gidan ya yi masa kaɗan. Ta ce, "Ke dai ki buɗe ido." Ashe biri ya yi kama da mutum. Su jiƙa mini bango ya zube, sannan su zo da fuskar tausayi su ce in sayar musu da fili.

Talata, 23 ga Yuli

Ruwan farko! Bayan azahar. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, har na ji kamar in gutsuri bango in ci. Yara tsirara a lungu suna ihu.

Ita kuwa 'yar Abijan ta tara daro ƙarƙashin indararo, ta zaci rufin kwano ne. Kunun laka ta samu. Na ji dariyarta ta bayan bango, ni ma na dara, amma a ciki.

Ruwan bai yi yawa ba, amma rariya ta yi ta amai kamar an ɓare tulu. Tsakar gidana ta zama taɓo. Na faɗa.

Alhamis, 25 ga Yuli

Fatu sun ƙi bushewa, danshi.

Lahadi, 28 ga Yuli

Ruwan ƙoramar Telwa ya zo. An yi ruwa a duwatsu, da hantsi labari ya iso, gari ya tashi kaf zuwa bakin ƙorama. Ni ma na lallaɓa da ƙafata. Ga shi jajir yana tafe da kumfa da itace, mutane na kabbara, tsofaffi na wanke fuska, samari na ɗaukar hoto da salula. Kamiyon albasar Tabelot sun yi layi a wancan ƙetaren, direbobin sun haƙura sun hura gawayin shayi. Na sayi gasasshen nama na zauna a tudu. Rabona da jin daɗi irin wannan tun Inna na da ƙarfinta.

Sai ga Kadidia, zane a jiƙe har gwiwa kamar yarinya. Ta zauna kusa da ni ba gayyata. Ta ce Issouf zai kawo magini ya duba gindin bango ta wajensu, wai gishiri ya ci shi. Na ce bangon ya girmi ubansa, bai taɓa kai ƙara ba.

Magini. An fara ke nan.

Laraba, 31 ga Yuli

Magini Inoussa ya zo. Na manna kunne a bangon ɗaki ina jin ƙwanƙwasa. Na tsinci "ba zai kai baɗi ba", na tsinci "a faɗaɗa". A faɗaɗa me, rariyar ko gidan? Da yamma na tare Inoussa a lungu, ya ce rariya. Ai wanda ya biya shi zai kare.

Asabar, 3 ga Agusta

Na toshe ta.

Dutsen Inna na ɗauka, wanda muke buga fata a kansa, wanda jan karan dafi ya rine. Shi kaɗai ya yi daidai da ramin. Na tura shi da taɓarya har can ciki, na bi da laka. Ba har abada ba. So nake ruwansu ya kwana a kan simansu sau ɗaya su ji yadda ake ji, su fasa shi su dawo da rairayi. In ya taru ai ya bi ta zaurensu ya fita.

Na san abin da Inna za ta ce. Ba ta nan.

Talata, 6 ga Agusta

Shiru. Ba hadari. Kadidia ta aiko mini da na'ana'ar da ta shuka a gwangwani. Ko ta lura? Fuskarta ba ta nuna ba, kuma irin masu fuskar nan su ne abin tsoro.

Asabar, 10 ga Agusta

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba.

Bayan la'asar gari ya yi duhu, iska ta kwashe tabarmi, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ban taɓa ganin irinsa a Agadez ba. Na shige ɗaki na ja ƙyaure. Tsakar gidana lafiya lau, nawa ruwan kaɗai ke bin hanyarsa. Har na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Sai na ji duka ta bayan bango, taɓarya a bakin rariya. Muryar Kadidia: "Tanti! Tanti, rariya ta toshe, duba ta wajenki!" Na yi shiru. Ta sake kira. Na yi shiru.

Na juya ke nan idona ya sauka a gindin bangon ɗaki. Ya yi baƙi. Ina kallo baƙin na hawa, daga tsayin idon sawu ya doshi ƙwauri. Na taɓa, yatsana ya shige. Sai a lokacin na tuna dokin ƙofar Malam Zakari, wanda ya kai gwiwa, wanda muke tuntuɓe da shi muna yara. Ta ina ruwa zai haura shi ya kai zaure? Kuma a kan siman ba inda zai nutse. Tafki na haɗa da hannuna, na jingina shi da ɗakin Inna.

Na fita da gudu ba takalmi, na ƙwaƙule lakar, na zura hannu har kafaɗa. Dutsen ya yi nisa, kan yatsuna kawai ke shafarsa. Na tura da taɓarya, ruwa ya danne shi ta can, ko motsi. Na zauna a taɓo ina kiran sunan Allah. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Tsoro na ji, irin wanda ban ji ba tun daren da Inna ta cika.

Can na ji ta tana yi wa mijinta tsawa: "Fasa! Na ce ka fasa, ɗakin Tanti zai tafi!" Sai ƙarar ƙarfe a kan gini, sai wani irin gurnani na ruwa.

Dokin ƙofarsu suka fasa. Da na zaure da na babban ɗakinsu, don ta nan ne kaɗai hanya. Ruwan ya ratsa ta tsakiyar ɗakin ya fita lungu.

Bangon ya tsaya. Baƙin ya kai gwiwata ya tsaya.

Lahadi, 11 ga Agusta

Sun baza kaya a lungu. Katifa, akwatuna, da babban tapin shimfiɗar ɗaki da Kadidia ta zo da shi daga Abijan, mai shuɗin fure, wanda take hana kowa takawa da takalmi. Ya zama launin ƙasa, gefensa ya yage. Na wuce na yi musu jaje kamar kowa. Issouf ya amsa bai ɗago ba.

Ban yi barcin kirki ba. Yau za su zo, ko gobe. Wataƙila da mai unguwa.

Talata, 13 ga Agusta

Kadidia ta zo ita kaɗai, da hantsi, da abu a naɗe cikin zane: dutsen Inna. Sun fasa siman ɗin bakin rariya ta wajensu sun ciro shi. Ta wanke shi tas, jan karan dafin ya fito raɗau, ko makaho ya san na wane ne. Ta ajiye shi inda yake zama, gefen turmi, ba ta ko tambaya ba.

Ta ce, "Tanti, ruwa ya ja miki dutse har cikin rariya. Ruwan nan da ƙarfi yake."

Dutsen da nake ɗauka da hannu biyu. Kuma ruwan da ke gangarowa daga wajensu, yaushe ya koyi hawa tudu?

Na ce, "Da ƙarfi kam."

Ta ce su ma siman ɗin kuskure ne, a can haka kowa ke yi, ba su yi tunanin ƙasar nan ba. Za su fasa rabi su zuba rairayi. Ta tashi ta tafi, ko ruwa ban ba ta ba.

Me take nufi? Riƙe ni za ta yi da shi, ta fito da maganar ranar da take so? Na juya abin ta kowace fuska har azahar. Ban ga inda ta ci riba ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Juma'a, 16 ga Agusta

Inoussa ya yaɓe gindin bangon ciki da waje, ya faɗaɗa rariyar. Ni na ce ya faɗaɗa. Don ɗakina na yi.

Laraba, 21 ga Agusta

Biba ta zo da sabon cuku da sabon labari: wai yanzu ba masauki ba ne, gidan abinci ne. Na ce ta ajiye cukun ta rage murya, ina da aiki. Ta dube ni wani iri.

Litinin, 2 ga Satumba

Yayyafi tun safe, mai laushi, irin wanda ba ya tsorata kowa. Na ajiye daro a tsakiyar gida, nesa da indararo, na tari mai kyau na dafa shayi da na'ana'ar nan. Ya fi na famfo, ba laifi in na faɗa a nan.

Ruwansu ya biyo rariya siriri, na share masa hanya da tsintsiya.

Na gama yanka jar fatar da na daɗe ina ɓoyo, ta akuyar da Inna ta jeme da hannunta a shekararta ta ƙarshe. Shimfiɗa nake yi, da matasai biyu. Ba don kowa ba, kada danshi ya ɓata fatar ne kawai. Jiya da na shiga mayar wa Kadidia da kwanon ayaba na auna ɗakin nasu da ido, daga bango zuwa inda aka fasa dokin ƙofa. Sai na ƙara wata fatar kafin ta kai.

Ban ce na yarda da ita ba.

Ɗazu ina buga fata a kan dutsen, ta ɗaga murya ta bayan bango: "Tanti, ɗakin bai zuba ba ko?" Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Bai zuba ba, 'yata. Zagayo, shayi zai huce."