Kan da Baba Ya Aske Saboda Kai

Zuwa ga Yaya Shuhei,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Osaka. Kaka ta ji sauƙin gwiwarta, an kuma haƙe dankali. Gaisuwar ke nan, ita ma don Mama ta ce dole ne.

Yaya, ka ba mu kunya. Kai da ka tashi a gidan nan, tun kana rarrafe Baba ke faɗa mana cewa rokoki biyun nan na gefen kumbon da ake harbawa sama daga garinmu ba kamar injin jirgin ruwa ba ne, in aka kunna su babu mai kashe su sai sun cinye kansu. In suka kauce hanya, a sama ake tarwatsa su, garwashi ya zubo. Shi ya sa yake bin gida-gida yana kwashe mutane zuwa makaranta kafin a rufe hanya ranar harbawa. Amma kai ka ja budurwarka Mizuho ta cikin gonar rake, wai za ka ba ta zobe a ƙarƙashin wutar! Na'urar masu harba kumbon ta hango ku a bakin teku, aka fasa harbawa, washegari kuka hau jirgi kuka bar baya da ƙura.

Kawu Tetsuo ya zo har tsakar gida. Ya ce su masunta sun ɗaure jiragensu saboda harbawar ana tsakiyar kakar kifi, yanzu kuma za a sake hana su teku saboda wani ango marar kai. Ya ce mai gadin gari ya kasa gadin ɗansa. Baba kuwa shiga ya yi ya aske kansa ƙwal, alamar neman gafara. Ranar Asabar zai durƙusa gaban ƙungiyar masunta, su yanke ko zai ci gaba da aikin.

A littattafaina na soyayya irin abin da ka yi ne ke sa ni rungume matashin kai. Yanzu na tura littattafan ƙarƙashin gado. Ashe marubutan ba sa faɗin wanda ke share tokar.

Akwai jirgin Juma'a. Ka zo da sumar nan taka da kake ji da ita, askar Baba tana nan. In ba ka zo ba, ni da ko gaishe da baƙo ba na iyawa, zan yanke gashin da nake tarawa tun ina firamare, in durƙusa gefensa a madadinka.

Mama da Kaka suna gaishe ka. Ka gaishe da Mizuho, ita ce kaɗai ta bugo ta ba da haƙuri.

Ƙanwarka,
Chinatsu